Fansar Jar-wutsiya

A Ƙofar Kaura, idan baƙo ya tambayi gidan Furera sai an ce masa wace Furera, don suna da yawa. Idan ya ce mai macizai, kowa zai nuna masa ƙofar da baki, amma ba wanda zai raka shi.

Ɗiyar Gwadabe gardi ce, wanda ya yi zamaninsa yana yawon kasuwanni da kumurci da gamsheƙa a cikin akwati. Bai sami ɗa namiji da ya rayu ba, sai ya juye mata abin da ya sani. Ta iya kama maciji a wuya tun ba ta iya tuƙa tuwo ba, kuma wannan bai yi mata rana a gidan aure ba. Mijin farko ya sake ta ranar da ta zaro kububuwa daga bayan randa da hannu, shi yana tsaye bisa turmi a gaban baƙinsa. Na biyu ya yi haƙuri da ita har ya mutu. Ba ta da ɗa a raye. Ta tattara komatsanta ta koma gidan ubanta, wanda shi ma ya riga ya rasu, ta zauna ita kaɗai tana kiwon zomaye.

Daga nan aka neme ta aiki a GRA, gidan wani Bature da ya zo haƙa rijiyoyin burtsatse. Akwai ɗaki ɗaya a gidan da ba ma'aikacin da ya yarda ya share, ko da za a kore shi. Akwatunan gilashi uku ne a ciki, kowanne da maciji. Furera ta shiga ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta fito ta ce a ba ta tsintsiya.

Bature ya ce sunansu bowa, daga Amurka ta Kudu aka kawo su. Ba su da dafi, matse abincinsu suke yi kamar mesa. Duk dangi ɗaya ne, amma garuruwansu daban, kamar dai Bakatsine da Bazazzagi da Basakkwace, kowa da halinsa. Furera ce ta raɗa musu suna.

Babbar cikinsu mace ce, jikinta ruwan toka mai haske, wutsiyarta ja kamar lallen da ya kama sosai. Ita ce Jar-wutsiya. Daga kurmin da ruwa ba ya ɗaukewa ta fito, don haka ba ta son bushewar iska ko kaɗan. Ga raunin ciki: idan aka ba ta zomon da ya yi mata girma, ko aka taɓa ta bayan ta ci, sai ta amayar, kuma amai ɗaya sai ya kwantar da ita makonni. Na biyu namiji ne, ƙarami, ruwan ƙasa, wutsiyarsa ba ta da wani kyau. Abin da aka ba shi ya ci, inda aka ajiye shi ya kwanta, sai ta ce masa Ɗan-gari. Ta ukun baƙa ce mai zanen fari tsit-tsit, daga can kudu inda ake sanyi da fari. Ita sanyin Katsina bai dame ta ba. Matsalarta baki: ko inuwa ta gifta sai ta wangame shi ta yi huci kamar tayar mota ta sace. Wannan ita ce Zabuwa. Duk da hargowarta, cizo biyu kacal ta taɓa yi wa Furera, duka biyun kuma don ta zo da warin zomo a hannu ne.

Da aikin Bature ya ƙare, lokacin gwamnatin soja na ta rikici da ƙasashen waje, bai sami takardar fita da su ba. Ya yi shawarar yi musu allura su mutu. Furera ta ce ya ba ta. Kafin ya tafi ya ja mata kunne a kan abu biyu: kada ta haɗa su akwati ɗaya, don Jar-wutsiya da Ɗan-gari za su iya barbara su ɓata iri, sannan waɗannan ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi. Ta ce to. A amalanke ta kawo su gida, an lulluɓe akwatunan da tsofaffin zannuwa, ta jera su a zaure na biyu inda ubanta yake ajiye nasa.

A gidan Bature na'ura ce ke ba su ɗumi da danshi. A gidan Gwadabe sai dabara. Da bazara takan jiƙa buhunan algarara ta rufe akwatin Jar-wutsiya, ta kafa randa a gefe, ta yayyafa wa ƙasa ruwa har hannunta ya gaji. Da sanyi kuma ta gasa tubali a murhu, ta naɗe da tsumma ta sa a kusurwar akwati. Idan idonsu ya yi fari-fari ta san saɓa ta zo, sai ta ƙara ruwa ta daina taɓa su. Ba ta taɓa ba su ɓeran titi ba, don ba ta san wanda ya ci shinkafar ɓera ba. Zomayenta suke ci, saura ta sayar ta ci abinci. Maƙwabta sun yi gunaguni da farko, daga baya suka saba, tun da ba a taɓa ganin ko ɗaya a waje ba.

Wata shekara da sanyi gilashin akwatin Ɗan-gari ya tsage. Ta nemi kafinta, duk wanda ta kira sai ya ce ta kawo akwatin shago, ta ce ya zo ya auna, ya ce Allah ya kiyaye. Sai ta sa shi a na Jar-wutsiya kafin a samu mai zuciya. Ba a samu ba sai da sanyi ya wuce. Da damina ta kankama, Jar-wutsiya ta daina cin abinci, rabin jikinta na baya ya kumbura, ta riƙa kwanciya a gefe ɗaya tana neman ɗumi. Furera ta tuna maganar Bature. Ita da ba ta taɓa raya ɗa ba, ta shiga kwana da tashi da lissafin mai ciki.

A wannan daminar ce soja suka yi alkawarin miƙa mulki, jam'iyyu suka ɓarke kamar farin ɗango. Duk mai babbar riga ɗaya a akwati ya fito takara. Cikinsu har da Nu'uman, ɗan Hajara, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su da Furera. Furera da Hajara tare suka tashi, shi ya sa yake ce mata Gwaggo. Shagon kayan gyaran keke da babur yake da shi, kuma kujerar kansila yake so. Abokan takararsa sun riga shi yin alkawarin famfo da kwalbati, shi bai da abin faɗa.

Sai ɗan akuyar Hajara ya ɓace. Wani ya leƙa tagar zauren Furera ya ga macijiya kwance da ciki tirtsitsi, ya kai labari.

Da hantsi Furera na ba zomaye ganye ta ji hayaniya a ƙofar gida. Ta yafa mayafi ta fito. Nu'uman ne da lasifika a hannu, bayansa 'yan bangarsa da gorori da adduna, bayan su kuma rabin unguwa.

"Gwaggo, ina kwana. Ɗan akuyar Inna ya ɓata," in ji shi.

"Na ji. Allah ya bayyana shi."

"Ai ya bayyana. Yana cikin zaurenki, cikin mesa."

"Nu'umanu, wata nawa rabonta da abinci. Ciki gare ta. Haihuwa za ta yi."

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce a kirawo ungozoma. Wani ya ce, "Yaushe ne suna, Gwaggo? A sayo goro?"

"Mesa dai ƙwai muka sani tana yi, tun kakanni," in ji Nu'uman.

"Ba mesa ba ce. Irinsu haihuwa suke yi, kamar kasa."

Nan ta yi kuskure, don kowa ya san dafin kasa. Nu'uman ya ɗaga lasifika. "Jama'a, kun ji da kunnenku! Dangin kasa aka aje mana cikin unguwa, tsakiyar ɗiyanmu! Yau akuya, gobe wa? Wasu za su ba ku famfo. Ni rayukanku zan tsare!"

Shi bai shiga ba. Tun yana yaro ko igiya ya gani a ƙasa sai ya yi tsalle, kuma Furera ta san haka. Daga bakin ƙofa ya tsaya yana ba da umarni. Samari biyu suka riƙe Furera, saura suka jawo akwatin har tsakiyar titi suka fasa gilashin. Jar-wutsiya ba ta ko yi yunƙurin gudu ba, nauyi ya yi mata yawa. Kanta kawai ta cusa ƙarƙashin jikinta. Suka rufe ta da duka. Waɗanda suka koma ciki don ɗauko sauran biyun, Zabuwa ta yi musu huci ɗaya suka fito suna tattake juna.

Da ta daina motsi, sannan Nu'uman ya matso. Ya karɓi wuƙa a hannun wani mahauci, ya ce zai ciro ɗan akuya kowa ya gani. Ya tsaga.

Ba akuya. 'Ya'ya ne suka zubo, fiye da ashirin, kowanne naɗe cikin 'yar jakarsa mai santsi, wasu har sun fara motsi. Mutane suka ja da baya suna salati. Samarin suka hau su da gora da diddige. Furera ta fizge, ta zube a gwiwa cikin jini, ta kwashi abin da hannunta ya kai ta zuba a mayafi. Sannan ta miƙe ta dube shi.

"Nu'umanu ɗan Hajara, Allah ya isa tsakanina da kai."

Ya ɗan yi turus, sai ya tuna da lasifika. "Ko ba ta ci yau ba, da ta ci gobe! Ku dubi yawan abin da za a sako mana!" Aka tafa masa. Daga ranar aka sa masa Maganin Mesa, har a jikin fastocinsa.

Washegari aka tsinci ɗan akuyar a wani kango, ya faɗa tsohon ramin ƙasa, yana ta kuka da yunwa. Hajara ta shigo da yamma, ta sami Furera durƙushe tana goge 'ya'yan da tsumma mai ɗumi. Uku ne suka rayu.

"Furera, ki yi haƙuri. Tsautsayi ne. Yaro ne."

"Yaron da ke neman mulkin mutane?"

"To mi kike so a yi? Abin da ya mutu ya mutu."

"Inda ya kashe ta zai tsaya, gaban waɗanda suka tafa mashi, ya ce ƙarya ya yi mata. Shi ke nan abin da nike so."

Hajara ta kai saƙo. Nu'uman ya ce a gaya wa Gwaggo ana tsakiyar siyasa, ta bari a yi zaɓe. Aka yi zaɓe ya ci. Ya ce ta bari a rantsar da su. Aka rantsar da su, ya zama Honarabul, ya sayi mota, ya daina amsa maganar ma.

Furera ba ta kai ƙara ba, ba ta je wurin boka ba, ba ta ƙara ɗaga murya ba. Ta feɗe Jar-wutsiya da hannunta, ta kai wa wani baduku fatar ya jeme, ta kafa ta a bangon zauren farko, daidai inda duk mai wucewa zai gani, da tsagar wuƙar a fili. Kullum da safe sai ta wangale ƙofa ta sa dutse ta tokare. Hanya ɗaya ce mota ke bi zuwa gidan su Nu'uman. Ya jure wata biyu, sannan ya koma ajiye motar a bakin titi yana zagayawa ta lungu da ƙafa, ta kan kwata, yana tattare shadda.

Ita kuwa ta duƙufa kan marayunta. Bakinsu bai isa zomo ba, sai da ta koyi kiwon ɓeraye a cikin tsohuwar ganga don ta sami jarirai ta ba su. Biyu sun ɗauko ubansu, ruwan ƙasa, masu ci kamar gara. Ɗaya mace ta ɗauko jar wutsiyar uwar da raunin cikinta duka. Sau da yawa Furera ta fid da rai da ita, ta yi ta jiƙa buhu tana canza tubali har ta miƙe. Idan tana kallonta ba tausayi ke zuwa mata ba, lissafi take yi na sauran da aka tattake.

Ana nan sai Suwaiba matar Nu'uman ta yi ɓari. Bayan watanni ta sake yin wani. Mata dai suna ɓari tun kafin a san da wani Nu'uman a duniya, kuma Furera ta fi kowa sani, don ita ma ta sha yi. Amma unguwa ba ta manta da cikin da aka tsaga a tsakiyar titi ba. Aka fara ƙus-ƙus a gidajen suna da wurin niƙa, wai Allah-ya-isar Furera ce ke bin su. Matan da suka fi ƙarfin hali suka zo har gida suna bugun cikinta, wai ko ta ji abin da ya sami Suwaiba.

"Na ji. Allah ya ba ta lafiya," in ji ta, ta ci gaba da yanka wa zomaye ganye.

Kalma ɗaya za ta faɗa maganar ta mutu. Ba ta faɗa ba. Wata ta ce mata ta ji tausayin yarinyar. Ta ce, "Suwaiba ba ta yi mani komi ba, ni ma ban yi mata komi ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ta san ba wanda zai yarda.

A shekara ta biyu da hawansa Nu'uman ya sami kujerar Makka. A lokacin Suwaiba na da ciki na uku, ya fara tsufa. Al'ada ce maniyyaci ya bi gida-gida yana sallama yana neman gafara, don malamai sun sha faɗa cewa hajji na wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutane sai su suka yafe. Ya zaga dangi da abokan gaba na siyasa, kowa ya ce ya yafe duniya da lahira. Saura gida ɗaya. Hajara ta ce masa ba zai hau jirgi da Allah-ya-isa a kansa ya bar mata yarinya da ciki ba, in kuwa ya yi, ita ma ba ta yafe ba.

Ya aika da rago da turmin atamfa. Furera ta ce a mayar, macizanta ba sa cin rago, ba sa ɗaura zane. Ya aika limamin unguwa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta saurari wa'azin falalar yafiya har ƙarshe, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, duk na ji. Amma ban ga mai neman yafiyar ba." Da tafiya ta matso, ya zo da kansa. Ya tsaya a zauren farko, ya juya wa fatar baya.

"Gwaggo, na zo ne ki yafe mani."

"A'a, Honarabul ne da kanshi? Ka sha lungu. Ga kwata nan a bakin wandonka."

"Gwaggo, don Allah. Na yi kuskure. Ga shi na faɗa."

"Wa ya ji? Ni da bango? Ranar nan, da lasifika ka zo."

"To zan faɗa a waje. Yadda kika ce wa Inna."

"Wancan farashin wancan lokaci ne. Ka sa na jira zaɓe, na jira rantsuwa. Yanzu za ka faɗa ne da ɗaya daga cikinsu a wuyanka."

Ya dube ta ko wasa take yi. Ya ce ta dubi girman kujerarsa. Ta ce ta duba. Ya ce ta dubi Suwaiba. Ta ce shi ya kamata ya dube ta. Ya fita bai yi sallama ba. Kwana biyu bayan haka Hajara ta leƙo ta kan katanga, ba gaisuwa, ta ce ya yarda, ranar Juma'a bayan la'asar.

Furera ta yi tunanin wadda za ta fitar. Da farko ɗiyar Jar-wutsiya ta so, don ita ce mai gado. Amma ba za ta sa mai raunin ciki a hannun matsoraci ba, yana iya jefar da ita. Ɗan-gari kuwa ba zai ba kowa tsoro ba, barci zai yi a kafaɗarsa. Sai ta tsaya a kan Zabuwa. Ta hana ta abinci a makon don kada ta amayar. Ranar da safe tana riƙe da zomo, tunani ya zo mata cewa in ta shafa hannun nan a wuyan rigarsa, ko ta bar shi ya zo da warin naman walimar da ake ta yi a gidansu, Zabuwa za ta yi sauran aikin. Ta daɗe tana juya abin. Abin da ya hana ta shi ne ta san cizo ɗaya zai sa a sake ɗauko gorori.

Bayan la'asar titi ya cika fiye da ranar farko, har bisa katangu. Nu'uman ya zo cikin farar shadda, liman a gefensa, Hajara daga bakin ƙofarta. Furera ta fito da buta da sabulu.

"Wanke hannu, har gwiwar hannu. Da wuya."

"Ina da alwala, Gwaggo."

"Ba ruwanta da alwalarka. Ka ci nama. Wanke."

Ya tsuguna ya wanke, mutane na dariya ƙasa-ƙasa. Ta koma ciki ta fito da Zabuwa naɗe a kafaɗunta, baƙa mai zanen fari, kaurinta ya kai cinyar mutum. Da ta ga taro ta wangame baki ta saki huci. Na gaba suka faɗa kan na baya. Furera ta ce masa ya miƙe, ya buɗe hannuwa, kada ya matse ta, kada ya yi motsi da sauri. Ta ɗora masa ita. Nauyinta ya danne masa kafaɗu. Zabuwa ta zagaya wutsiya ta ƙarƙashin hammatarsa ta riƙe, ta kawo kai daidai kunnensa tana huci, harshenta na lasar gumin da ke gangaro masa.

Sai Furera ta juya wurin liman ta durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ina wuni?"

"Lafiya lau, Furera. A yi abin da..."

"Ina gajiya? Ya ibada? Ya iyali? Ya mai jiki, an ce ƙafar ta sake tashi?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ya su Rakiya, ana zuwa makaranta? Ya wajen su Hajiya babba?"

"Gwaggo!" in ji Nu'uman, muryarsa kamar ta ɗan tsako.

"Kai, ana gaisawa da manya." Ta ƙarasa gaisuwarta tsaf, har da tambayar ruwan bana, sannan ta miƙe. "To, bismilla."

Ya ce wani abu da ko liman bai ji ba.

"Ba mu ji ba, Honarabul!" in ji wani daga kan katanga, cikin waɗanda suka tafa masa a da. "Maganin Mesa, a ɗaga murya!"

Ya rufe ido. "Macijiyar Gwaggo ba ta ci akuyarmu ba. Ƙarya na yi mata."

"Ka san ƙarya ce a lokacin, ko daga baya?" in ji Furera.

Zabuwa ta ture masa hula ta faɗi ƙasa, ta fara cusa kai cikin wuyan rigarsa.

"Ban tabbatar ba, na dai faɗa. Don ƙuri'a na yi! Na tsaga ta da ciki, na sa aka tattake ɗiyanta. Gwaggo, ki yafe mani, ki ɗauke ta!"

"Na yafe."

Taro ya ɗauki kabbara. Hajara ta fashe da kuka. Furera ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Na yafe ƙaryar da ka yi a ƙofar ubana. Na yafe riƙe ni da ka sa aka yi, da dariya, da gilashina. Duniya da lahira. Ka je ka gaya wa Suwaiba ba ni da komi a kanta, ban taɓa yi ba. Nawa ke nan, na ba ka duka."

"To ai shi ke nan, Gwaggo."

"Saura nata, da na ɗiyanta. Wannan ba nawa ba ne. Ni kiwo aka ba ni, ba ni na busa masu rai ba." Ta juya. "Malam, ina da ikon yafe haƙƙin da ba nawa ba?"

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ba ya son amsar, amma a gaban jama'a aka tambaye shi. "Babu," in ji shi. "Dabbar da aka kashe bisa zalunci tana da nata. Sai dai ya tuba, Allah mai gafara ne."

"To wa zan roƙa?" in ji Nu'uman. Hawaye ne da gumi suka haɗu a fuskarsa.

Furera ta sa hannu ta warware wutsiyar daga hammatarsa, ta zare Zabuwa a hankali ta mayar kafaɗarta.

"Ai ɗakin Mai su za ka. In ka isa ka tambaya. Allah ya kai ku lafiya."

Ta shige gida. Shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddar.

Ya tafi Makka ya dawo. Suwaiba ta haifi ɗiya mace lafiya lau, unguwa ta ce yafiyar ce ta yi aiki, Furera ta ce su suka sani. Hajara ta mutu ba ta ƙara yi mata magana ba, kuma Furera ba ta nema ba. Waɗanda suka yi tafiyar tare da Nu'uman sun ce duk malamin da ya gani a can, Balarabe ko baƙar fata, sai ya ja shi gefe ya ba shi labarin macijiya mai ciki. Kowanne ya ce masa ya yawaita istigfari ya kyautata zato. Ba wanda ya iya ce masa an yafe.